Matsin tukunyar naitros na haura 1,150 da rana: in ci gaba da furzarwa ko in sayi ta biyu?

Mai Mustang Ja:
Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma shekara biyu ke nan ina shiga tseren miƙaƙƙen layi na kwata mil da wata tsohuwar mota ƙirar Mustang. A farkon bana na ɗaura mata naitros, wato gas ɗin da ke ƙara wa inji ƙarfi, irin mai fesa gas da fetur tare, da jet (ƙaramar kafar da ke daidaita yawan abin da ake fesawa) na ƙarin ƙarfin doki 150, tukunyar kuwa mai laba 10 ce, tana ɗaure a but. Idan na bar gida da safe gejin tukunyar yana nuna kusan psi 900 (psi ma'aunin matsi ne), amma kafin a kira layinmu da la'asar mota ta sha rana, sai in tarar allura ta haura 1,150, alhali takardar da ta zo da kayan ta ce a kan 950 aka auna jet ɗin. Abin da nake yi shi ne in yi ta danna maɓallin furzarwa, wanda ke fitar da gas waje, har allura ta sauko, sai dai hakan kan cinye mini tukunya a zagaye na huɗu. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne: ko in sayi tukunya ta biyu in ajiye a inuwa in riƙa musanyawa, ko in ci gaba da furzarwa ina biyan kuɗin ciko. Hitar ɗumama tukunya kam ina da ita, ba ita ce damuwata ba.

Ɗan Chicago:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka nemi hita mai kyau ka naɗe tukunyar da ita. Ni ma a watan Oktoba geji ba ya wuce 700, mota ta yi ta baƙin hayaƙi tana jan ƙafa, amma tun da na sa hita ban sake kuka ba.

Tsohon Makaniki:
Ɗan Chicago, mutumin nan zafi ne ya dame shi, kai kuma kana miƙa masa bargo. Malam Mai Mustang, ka fara raba abubuwa biyu da ka haɗa. An yi bawul ɗin furzarwa ne domin ya fitar da iska da tururin da suka taru a cikin tiyo, ta yadda idan ka taka totur ruwan naitros ne zai riga isa solinoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke sakin gas zuwa inji. In ba a furzar ba, fetur ya shiga a kan kari, gas ya makara, mota ta yi tuntuɓe a tashi. Dannawa gajeru biyu ko uku, har ka ga farin hayaƙi mai kauri, sun wadatar. Matsin tukunya kuwa zafinta yake bi: a digiri 21 na ma'aunin Salshiyos yana kusa da 760, a digiri 30 yana tsakanin 900 da 950, idan kuma ya wuce digiri 36 abin da ke ciki ya daina zama ruwa tsantsa, shi ya sa allura ke zabura. Furzarwa takan sauke matsin, amma da kuɗinka kake sanyaya tukunyar, kuma da ka jima a layi ta sake hawa. Jiƙaƙƙen tawul da ƙanƙara sun fi araha.

Bakano a Doha:
Duk wannan lissafi ne na wanda bai taɓa ƙonewa ba. Ni a nan Katar na yi asarar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani gareji ne ya haɗa mini kayan, kuma suka ɗaura na'urar da ke kashe hita idan matsi ya kai a jikin tiyo, bayan bawul ɗin tukunya, ba su gaya mini illar hakan ba. Wata rana da yamma na kunna hita na manta ban buɗe tukunyar ba. Na'urar tana ganin tiyo babu matsi, ita kuwa hita sai gasa tukunya take yi, ni ina can ina shan shayi da abokai. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Faifan kariya na bawul, wanda aka yi shi ya fashe a 3,000, shi ne ya tafi, kuma da yake ba su sa bututun da ke fitar da gas waje ba, motar ta cika da farin hazo, kafet ɗin but ya daskare ya yi tauri kamar katako. Ban gama farfaɗowa ba, bayan wata biyu solinoyid ɗin da suka sa ya fara yoyo, gas ya taru a manifol (bututun da ke kai iska cikin inji) mota na tsaye, ina murza makulli ya tashi da manifol ɗin har bonet ya lanƙwashe. Da na koma wurinsu cewa suka yi laifina ne da ban rufe tukunya ba. Ko uffan ba su ce ba game da aikinsu, balle su rage mini ko riyal ɗaya.

Na Gefen Layi:
Allah ya mayar da alheri, Bakano. Likitocin haƙori suna kiransa gas ɗin dariya, amma da alama naka bai zo da dariyar ba. Shi kuma Mai Mustang, gaskiya ya faɗa mana ko farin hayaƙin nan da ke tashi ta gaban gilashi ne yake burge shi, domin na ga masu furzarwa sau goma idan 'yan kallo sun ɗaga waya.

Mai Mustang Ja:
Allah ya kiyaye gaba, Malam Bakano. Baba Makaniki, na gode. Sai dai a filin da nake zuwa ba a son ruwa ya ɗiga a kan layi, kuma mukan yi minti arba'in a jere cikin rana, tawul ya bushe. Tambayata dai tana nan a kan tukunya ta biyu.

Bakano a Doha:
Ni shawarata ka cire kayan gaba ɗaya ka tara kuɗin turbo, na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska.

Ɗan Chicago:
Ciko ai ba wani tsada ba ne. Dala 6 nake biya kowace laba, dala 60 ke nan tukunya ta cika. Ka furzar abinka kawai.

Hajiya Mai Camaro:
Dala 6 a wace shekara? Ni a Atlanta dala 9 na biya a makon jiya, kuma sai da na yi tafiyar awa guda. Tukunyar hannu na samu a dala 150, amma duk mai sayen ta hannu ya duba tambarin gwajin da ke wuyanta, domin duk shekara biyar ake gwada ta da matsin ruwa, kuma shago mai bin doka ba zai cika wadda wa'adinta ya wuce ba. Ya kuma duba ko akwai alamar ƙuna, saboda akwai masu ɗumama tukunya da wutar walda, alhali alminiyom in ya sha wuta ƙarfinsa ya tafi ke nan. Game da 1,150 kuwa, haɗarin shi ne gas ya ƙaru fetur bai ƙaru ba, inji ya yi zafi ya ci fulogi ko fistan.

Bakano a Doha:
Hajiya, da girmamawa, masu ba da shawara a nan yawancinsu takarda suka karanta. Tsohon Makaniki, yaushe rabonka da ka zauna a bayan sitiyari kana jiran koriyar fitila?

Tsohon Makaniki:
Yaro, ban taɓa cewa ni direba ba ne. Injinan da direbobi suka fasa su ake kawo mini, kuma na ga fistan da ya huje fiye da yadda kake zato. Wanda ya kunna hita tukunya a rufe ya tafi shan shayi, ban ga dalilin da zai sa ya tambayi wani takardar shaida ba.

Hajiya Mai Camaro:
Ku yi haƙuri haka nan. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ciko. Muddin akwai sauran ruwa a tukunya, geji zai nuna matsi ɗaya, ko laba 10 ce a ciki ko laba 4, don haka allura ba ta gaya wa kowa yawan abin da aka zuba masa. Nauyin tukunya fanko da nauyinta a cike duk suna rubuce a jikinta. Na taɓa biyan kuɗin laba 10 a wani shago, da na ɗora a sikelin gida sai na tarar laba 8 da ɗan kai. Da na koma, yaron shagon geji ya nuna mini wai ai ga shi nan ta cika.

Ɗan Chicago:
To ni an taɓa yi mini akasin haka, aka danƙara mini fiye da kima, kuma wannan ya fi muni idan tukunya ta shiga rana. Mai Mustang, wataƙila ma abin da ke tura taka zuwa 1,150 ke nan. Ka taɓa auna ta?

Mai Mustang Ja:
Ban taɓa aunawa ba. Sikelin banɗaki zai yi, ko sai na nemi na rataye?

Na Gefen Layi:
In dai irin na gidanmu ne da ke rage wa uwargida kilo biyu duk safiya, kada ka yarda da shi.

Hajiya Mai Camaro:
Kuma har yanzu ina jiran Ɗan Chicago ya gaya mana ko shagon dala 6 ɗin nan a gabansa suke ɗora tukunya a sikeli, ko ciki suke shiga da ita su fito.