Kwas ɗin kula da albarkatun ƙasa, akwai aikin yi a cikinsa kuwa?

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, na cike takardar neman kwas ɗin kula da muhalli da albarkatun ƙasa a BUK amma Baba yace shi bai gane wannan karatun ba, gara in nemi likitanci ko injiniya, ya tambaye ni in ka gama aikin me zaka yi wlh na rasa amsar da zan bashi. Ni kuma dalilina mu mutanen wajen Haɗeja ne, tun ina yaro nake ganin ciyawar kachala tana cinye mana kogi, inda kakanmu yake jefa taru yanzu ko kwalekwale baya shiga, wata shekara ruwa yaƙi zuwa gona wata shekarar kuma ambaliya ta tafi da shinkafar gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya taimaka min.

Tsohon_Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai abin da ka faɗa shine karatun da kansa. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 kogin naku yakan cika ya malala da damina, da rani kuma ya ja baya ƙasa ta bushe. Yanzu da ake sakin ruwa kusan duk shekara sai kachala ta samu abin da take so, ruwa mara zurfi wanda baya ƙafewa, ta haɗu da laka ta toshe hanyoyin, ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru, na can ƙasa wajen Gashuwa kuma suna kukan rashinsa. To wa zai zauna ya lissafa nawa za'a ba birnin Kano na sha, nawa na masu noman rani a Kadawa, nawa za'a bar wa masunta da makiyaya? Mutum irinka ake nema, wanda ya san lissafin kuma ya san wurin da ƙafarsa. Haka zaka yiwa Baba bayani, zai fahimta tunda shi abin ya taɓa.

Yar_Gusau:
Ɗan uwa ni na karanta irinsa, kuma gaskiya aikin baya zuwa ya same ka a gida. Wurare akwai, hukumar kogin Haɗeja-Jama'are, hukumar yaƙi da kwararowar hamada ta Great Green Wall mai aiki a jihohi 11 na bakin hamada, shirin farfaɗo da ƙasa da ruwa na ACReSAL na Bankin Duniya a jihohin arewa 19 da Abuja, ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, amma duk inda kaje tambayar ɗaya ce, me ka iya? Lokacin da nayi aikin sanin makama wata shida nayi a wani ofis ina zaune ba wanda ya fita dani daji ko sau ɗaya, har yau abin yana min ciwo. Abin da ya cece ni QGIS na koya da kaina, shirin kwamfuta ne na zana taswira, kyauta ake sauke shi, na iya zana taswira da hoton tauraron ɗan adam. Ka fara tun aji ɗaya, ka kuma koyi rubuta rahoto. In kana son mastas akwai cibiyar noman yankunan ƙarancin ruwa CDA a nan BUK ɗin.

Bamarade:
Ni daga Maraɗi nake. Ka karanta shi yaro, amma kada ka raina ilimin manoma. Nan wajenmu sassaben zamani ya maido da itace, tun wajen 1983 aka fara, ba dashe ba ne, kututturen da ke tohowa a gona ake bari a rage masa rassa a bar masu ƙarfi. Yanzu ana maganar hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, shi yasa gero ke yin kyau ƙarƙashinsa, tsofaffinmu sun san haka tun ba'a rubuta ba.

Ɗan_Fadama:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon_Ma'aikaci in sha Allah yau bayan isha'i zan zauna da Baba in kawo masa zancen Tiga ɗin. Yaya Yar_Gusau dan Allah QGIS ɗin sai da babbar kwamfuta ne ko ƙarama ta hannu zata ɗauka? Tawa tsohuwa ce.