Wai magajin garin Landan ɗin nan ciyaman ne ko gwamna?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah a warware min, kullum a rediyo sai in ji magajin garin Landan Sadiq Khan ya yi kaza ya ce kaza, wai zaɓensa ake yi ko naɗa shi ake? Kuma ikonsa irin na ciyaman ɗinmu ne ko ya wuce nan?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Zaɓe ne, mu mazauna garin ke jefa ƙuri'a kai tsaye duk shekara huɗu. Kujerar ma sai a 2000 aka ƙirƙiro ta, Ken Livingstone ya fara sai Boris Johnson, shi kuma wannan tun 2016 yake kai, a 2024 ya ci karo na uku. Babban ƙarfinsa harkar sufuri ce, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jajayen bas ɗin nan, shi ke yanka kuɗin mota, kuma shi ya faɗaɗa dokar ULEZ, wato ta rage hayaƙin motoci, ta game gari duka a 2023, in motarka tsohuwa ce mai hayaƙi fam 12.50 za ka biya duk ranar da ka fito da ita, wlh direbobi sun yi ta tsine masa. Yana da ta cewa a kasafin 'yan sanda ma. Amma shara da makarantu ba ruwansa, na ƙananan hukumomi 32 ne.

Bamaraɗe:
Mu a Nijar kansiloli muke zaɓa, su kuma su fidda magajin gari a cikinsu. Yanzu kam ko wannan babu, a Afrilun 2024 Janar Tiani ya rusa majalisun ya naɗa masu riƙo, da yawansu masu kaki.

Malam_Gwale:
Ɗan Fagge ai mu Kano ba mu da irin wannan kujerar sam. Cikin birni kaɗai an yanka shi gida takwas, Municipal, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo, Kumbotso, kowa da ciyaman ɗinsa, to aikin da ya shafi gari gaba ɗaya sai ya koma hannun gwamna, KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha ce, REMASAB masu kwashe shara ma ta jiha ce. Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ai ka san waye ke tsayar da ciyaman tun farko.

Ɗan_Fagge:
Na gode Maman Ilham. Malam, to kwatar da ta toshe a layinmu wa zan kai wa ƙara kenan, kansila ko gwamna?