Murjanina yana fari, ganyen mangurof yana zuba: a ina na yi kuskure?

Mai Akwatin Kifi, Legas:

Assalamu alaikum. Na shafe shekara shida ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, sai dai wata biyu ke nan da na kafa akwatin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200 a falona, kuma al'amarin ya fara fin ƙarfina. Na zuba yashi da busassun duwatsu, na haɗa ruwa da gishirin teku na kanti, na bar shi mako huɗu har amoniya, sinadarin nan mai guba ga kifi, ta sauka zuwa sifili, sannan na saka kifi biyu na irin nan ruwan goro mai ratsin fari uku, wato Amphiprion ocellaris. Bayan mako guda na ƙara murjani iri huɗu: mai laushi mai kama da fata, mai kama da naman kaza, wani gungu na zowantid masu kama da ƙananan furanni, da reshe ɗaya na Acropora, murjani mai ƙashi, wanda mai shagon ya ce zai ƙawata akwatin. A can baya kuma na dasa 'ya'yan mangurof huɗu, wato bishiyar nan da ke tsirowa cikin ruwan gaɓar teku, domin an gaya mini cewa saiwoyinsu za su tsotse dattin ruwa, har in huta da yawan canza shi.

Yanzu reshen Acropora ya yi fari fat daga ƙasa zuwa sama, mai kama da fata ya tsuke bai buɗe ba kwana biyar, biyu daga cikin mangurof ɗin sun zubar da ganye, gansakuka ruwan ƙasa kuma ta rufe yashi. Jiya na sayi ma'aunin gishiri, wanda yake gwada nauyin ruwan da na ruwan daɗi, ya nuna 1.030. Zafin ruwan yana kai digiri 30 da la'asar, naitiret kuma, wato dattin da kashin kifi yake rikiɗewa ya zama, tana wajen miligiram 25 a lita. Ruwan rijiyar burtsatse nake amfani da shi, kuma duk lokacin da ruwa ya ragu, kamar lita huɗu a mako, nakan haɗa sabon ruwan gishiri in cike gurbin. Shin mangurof ɗin ne ya ɓata ruwan, ko in ƙara wasu ne domin su yi aikin da kyau?

Baba Na Jidda:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kawo amsar tambayarka da kanka a jimlarka ta kusa da ƙarshe. Ruwa ne yake tashi ya bi iska, gishiri kuwa yana nan inda ka zuba shi, don haka duk lita ɗaya ta ruwan gishiri da ka ƙara a gurbin wanda ya ƙafe, ka ƙara wa akwatin kimanin giram 35 na gishiri wanda babu hanyar fitarsa. Ka lissafa lita huɗu sau mako takwas, za ka ga ka zuba fiye da kilo ɗaya a kan abin da ya kamata. Gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwan daɗi zalla ake cike shi, ruwan gishiri kuma sai ranar da ka kwashe tsoho da hannunka kake mayar da irinsa. Abin da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026. Kada ka yi gaggawar saukar da shi a rana ɗaya, domin saukar gishiri farat ɗaya tana yi wa murjani lahani kamar yadda hawansa ya yi. Ka riƙa ɗebe 'yan litoci kana mayar da ruwan daɗi, yadda ma'aunin ba zai sauka fiye da 0.001 a rana ba.

Zafin shi ne na biyu, kuma a ganina shi ya kashe maka Acropora. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda ido ba ya gani, su ne suke amfani da haske suna samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma suke ba shi launin nan na ruwan ƙasa da kore. Idan zafi ya wuce abin da ya saba, sai ya kore su daga jikinsa, ya rage farin ƙashi ana hangensa ta cikin nama. Ka duba reshen da tocila da dare. Idan har akwai siririn nama a kansa, ƙananan bakunansa kuma suna leƙowa, yana da rai kuma zai iya farfaɗowa; idan kuwa ƙashi ne tsirara har gansakuka ta fara kama shi, ka cire shi kawai. Tun da ka ce farin daga ƙasa ya faro yana hawa, ina tsoron naman ne ya saɓule.

Mu a nan gaɓar Bahar Maliya gishirin teku yana kai kashi 40 cikin 1,000, ruwan kuma yana ɗumi sosai da bazara, murjaninmu yana jurewa saboda a cikin haka ya tashi. Wanda ake sayarwa a shaguna yawancinsa daga Indonesiya da Ostareliya ya fito, ko kuma a akwatin wani aka rene shi, a akwati kuwa galibi a digiri 25 zuwa 26 ake riƙe shi. Ka buɗe murfin, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, za ta rage maka digiri ɗaya ko biyu, amma ka sani ruwa zai riƙa ƙafewa fiye da da. Idan ba ta isa ba, sai na'urar sanyaya ruwa. Ni nakan ɗebo ruwan teku daga waje mai tsabta in tace shi, watakila kai ma hakan zai rage maka kuɗin gishiri.

Yar Fatakwal:

Malam, bari in yi magana a kan bishiyar, tun da a cikinta muke zaune. Dajin mangurof na yankin Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka, kuma duk wanda ya shiga kwalekwale ta cikin rafukan Bonny ya ga yadda 'ya'yansa suke tsirowa tun suna rataye a jikin uwar, dogaye kamar sandar sigari, su faɗo cikin ruwa su yi ta yawo har su sami taɓon da za su kafe. Irin da ake sayar wa masu akwatin kifi galibi jan mangurof ne, Rhizophora mangle, ɗan'uwan wanda ya fi yawa a wajenmu.

Bishiyar ba ta ɓata maka ruwa ba, sai dai wanda ya ce za ta tsabtace shi ya ƙara gishiri a maganarsa. Tsiro yana tsotsar naitiret ne gwargwadon girman da yake yi, ɗan mangurof kuma a cikin akwati yakan yi wata ɗaya ko biyu kafin ya fitar da sabon ganye biyu. Abin da guda huɗu za su sha a wata bai kai abin da kifinka biyu suke fitarwa a mako ba. Idan tsiro kake so ya yi maka wannan aikin, ka nemi ciyawar teku mai kama da soson waya, Chaetomorpha, ka ajiye ta a ƙaramin akwatin tacewa da fitila a kanta, domin ita tana kumbura da sauri, kana yanke rabi kana zubarwa. Mangurof ka bar shi don kyau, kyan nasa kuwa ya isa dalili, musamman bayan shekaru idan saiwoyin nan masu kama da ƙafafu suka fara saukowa.

Zubar ganyen tana da dalilai da nake zargi guda biyu. Jan mangurof yana tace gishiri ne tun daga saiwa, ya sha ruwan ya bar gishirin a waje, wannan aiki ne mai wahala a gare shi, kuma yana ƙara wahala idan gishirin ya hau. Sannan masu sayarwa da yawa a ruwan daɗi suke ajiye shi, mai saye ya kai gida ya jefa shi cikin ruwan teku a rana ɗaya, sai ganye ya yi rawaya ya zube. Kamata ya yi a saba masa a bokiti daban, ana ƙara gishiri kaɗan-kaɗan tsawon makonni. Ka tambayi mai shagon a wane ruwa ya ajiye su. Ka kuma auna maganisiyam, ya kasance tsakanin miligiram 1,250 da 1,350 a lita, domin masu kiwonsa sun lura yana yin rawaya idan ta yi ƙasa.

Ka matsa jikin waɗanda suka zubar da ganyen da yatsa: mai tauri kore yana da rai, wanda ya yamutse ya yi laushi ya tafi. Ganye da tohon da ke can sama dole su kasance a wajen ruwa, su sami haske mai ƙarfi nasu na kansu, domin shuɗiyar fitilar murjani da ke haska ƙasa ba ta kai musu. Ni nakan fesa wa ganyen ruwan daɗi sau biyu ko uku a mako in wanke farin gishirin da ya bushe a kai, ganyen da ya faɗa ruwa kuma in tsame shi kafin ya ruɓe ya mayar da abin da ya sha. Kada kuma wani ya ba ka shawarar kawo taɓo daga rafukanmu. Ɗanyen mai ya malala a wurare da yawa, ba za ka so shi a falonka ba.

Ɗan Mancesta:

Ina tare da Baba a kan komai, in ban da ɗebo ruwan teku. Baba, a yi mini afuwa, gaɓar Jidda daban, ta Legas daban. Ruwan lagun gauraye ne da na koguna da magudanun gari, gishirinsa yana hawa da sauka tsakanin rani da damina, kuma laka da ruwan daɗin da koguna suke kwararowa suna cikin dalilan da suka sa gaɓar Najeriya ba ta da tudun murjani irin na Bahar Maliya. Ruwan burtsatsen ma a daina. Yakan ɗauko silika da ƙarfe da naitiret, silikar kuma ita ce abincin gansakukar nan ruwan ƙasa, ko da yake kusan kowane sabon akwati yakan yi ta na 'yan makonni ta wuce. Ƙaramar na'urar tace ruwa ta RO/DI, wadda take cire sinadaran da suka narke a ruwa, ita ce maganin, kuɗinta bai kai na murjanin da za a yi ta asara ba.

Abin da ba a taɓo ba shi ne wuta. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi rashin riƙe ta, don haka idan aka ɗauke wuta da dare injin da ke motsa ruwa ya tsaya, 'yan awoyi sun isa kifi ya fara haki a sama. Murjani zai iya kwana biyu ko uku babu fitila bai mutu ba, amma ba zai jure ruwa a tsaye ba. Ka haɗa injin motsa ruwa guda ɗaya da inbata, ka kuma ajiye injin iska mai batir a kusa.

Acropora ba na akwatin wata biyu ba ne. Yana gina ƙashinsa da kalsiyam da kabonet, yana son kalsiyam wajen miligiram 420 a lita da yawan kabonet ɗin ruwa tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa da ake kira dKH, su tsaya cik ba hawa da sauka, kuma wannan natsuwar sai akwati ya doshi shekara. Murjani masu ƙashi suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da su, wanda hakan ma dalili ne na kada a saye su don gwaji. Mai kama da fatan kada ya dame ka tukuna, ɗabi'arsa ce ya tsuke na kwanaki ya saɓule wata siririyar fata kamar kakin zuma sannan ya buɗe.

Gargaɗi biyu, ɗan'uwa. Wasu daga cikin dangin zowantid suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, an sha kwantar da iyali guda a asibiti saboda wani ya tafasa dutsen da suke kai ko ya goge shi a cikin gida, don haka ka sa safar hannu da tabarau, kada ka taɓa shi da ciwo a hannu, kada yara su sa hannu a ruwan. Sannan idan ka ga fararen ɗigo a jikin kifi, kada ka zuba maganin da ke da jan ƙarfe a cikin babban akwati, domin zai kashe murjanin duka kuma ya maƙale a duwatsu. A ƙaramin akwati daban ake killace kifi a yi masa magani.

Mai Akwatin Kifi, Legas:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya, da kai ɗan'uwa. Yau kwana tara, gishirin ya sauka zuwa 1.026, fanka ta tsayar da zafin a digiri 28 da la'asar, kuma yanzu kusan lita biyu na ruwan daɗi nake ƙarawa a kullum. Reshen Acropora ƙashi ne tsirara, na cire shi. Mai kama da fata ya saɓule wata 'yar yana shekaranjiya ya buɗe. Mai shagon ya tabbatar da cewa a ruwan famfo ya ajiye mangurof ɗin. Ɗaya ya yi laushi na jefar, ɗayan yana nan da tauri ba ganye. Hajiya, in bar shi a inda yake ne, ko in mayar da shi bokiti mai rabin gishiri har ya yi toho?