Inna ta nace sai mun kai ta Madarumfa ɗibar ruwa

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum jama'a, shawara nike nema. Inna ƙafa ta dame ta tun damana, yanzu ta ce sai an kai ta tabkin Madarumfa nan kusa da Maraɗi ta ziyarci kaburburan waliyyai 99 ta ɗebo ruwa a bido, yayana ya ce bidi'a ce ba da motarshi ba, ita ko ta daina yi mishi magana. Ni mi zan yi?

Bagobira:
Kai ta mana ɗan'uwa, nan da Madarumfa mi ya yi nisa? Kakata har ta rasu tana zuwa. Tsohuwa in ta sa abu a rai hana ta ma ciwo ne.

Malamin Zaria:
Ziyarar kabari sunna ce, a yi musu sallama a yi musu addu'a a tuna lahira. Inda matsala take shi ne roƙon mamaci ko a ce ruwan da kanshi ke warkarwa. Ruwan da nassi ya zo a kanshi zamzam ne, na Nana Hajara da Annabi Isma'il, hadisi ya ce yana ga abin da aka sha shi dominsa. Ka zauna da Hajiya ka yi mata bayani a hankali, ba irin na yayanka ba.

Direban Katsina:
Malam zamzam ɗin ma a yi hattara, lita 5 ake ba alhaji a jirgi amma ka shiga kasuwa ka ga jarkoki jere har bayan aikin hajji da wata shida, daga ina suka hito?? Ni na sha kai mutane Daura rijiyar Kusugu, wadda aka ce Bayajida ya kashe maciji zamanin Daurama, da sai Juma'a ake samun ɗiba. Yanzu gini ne a kanta, a jawo maka da guga ka sha, wasu su cika gora su taho da ita gida, wasu ko hoto kawai ya kai su.

Bagobira:
To ai ka gani, ba Inna kaɗai ba ce.

Ma'aikaciyar likita:
Don Allah ko kun je kar ta sha ruwan tabki haka nan, shanu na shiga, masunta na ciki, ga tsargiya. In dole sai ta sha a tafasa. Ƙafar kuma kumburi take ko ciwon gwiwa ne? In kumburi ne a auna mata hawan jini da suga kafin tahiyar.

Ɗan Mokoyo:
Kumburi ne Hajiya, duka biyun. Gobe in sha Allah likita za mu fara, Madarumfa sai Lahadi in na samu aron mota.