Muhawara: Barlesk ɗin da aka farfaɗo da shi a Amurka, shi ne na asali?

Yaya Babba: Ni dai ina nan kan maganata ta jiya. Abin da Amurkawa suka tono a shekarun 1990 suka ce sun farfaɗo da barlesk, wato wasan dandamali mai haɗa barkwanci da rawar mata, rabinsa suka ɗauko, rabin ma wanda ya fi muni. Kalmar daga "burla" ta Italiyanci ta fito, wato zolaya. Da Lydia Thompson ta zo New York daga Ingila a 1868 da 'yan matanta, abin da ya ja jama'a shi ne mata sun sa kayan maza suna kwaikwayon manya suna yi musu shaguɓe. Kusan irin abin da 'yan kama suke yi a wurinmu, a ɗauki abu mai nauyi a juya shi a yi dariya. Ina wannan a wasan yau?

Anti: Yaya, ka tsallake shekara sittin kamar ba a yi su ba. Ko a 1868 ɗin, malaman coci da 'yan jarida sun yi ca a kan matan saboda matsattsun kayan da ke nuna ƙafafu. Nuna jiki yana ciki tun ranar farko. Ba wani zamani da aka yi shi tsarkakakke.

Yaya Babba: Nuna ƙafa daban, tuɓe kaya daban, Anti. Tuɓewar ta kankama ne a shekarun 1920, lokacin da sinima da rediyo suka fara kwashe masu kallo, gidajen 'yan'uwan Minsky, masu gidajen barlesk a New York, suka ga sai da ita za a cika kujeru. Da tattalin arziki ya karye a 1929, maza marasa aiki suka cika gidajen saboda tikitin da araha. Yunwa ce ta canza wasan.

Malam: Ku bari in sa baki. Abin da Yaya ya faɗa kan barkwanci gaskiya ne, kuma ni nan ya fi damuna. A gidajen barlesk ne shahararrun masu barkwanci irin su Bert Lahr da Fanny Brice da Abbott da Costello suka koyi sana'a. Mai barkwanci yana hawa dandamali sau da yawa a rana, gaban mutanen da ba shi suka zo gani ba, in bai ba su dariya ba su yi masa ihu. Makaranta ce mai zafi. Da magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya hana gidajen lasisi a 1937, har sunan Minsky aka hana liƙawa a ƙofa, masu barkwancin suka koma rediyo da fim, daga baya talabijin. Ba su dawo ba. Wannan ɓangaren farfaɗowar ba ta iya maido shi ba.

Ɗan Auta: Malam, gafarta mini, amma Gypsy Rose Lee, fitacciyar 'yar rawar barlesk ta wancan zamani, fa? Na karanta cewa da baki ta yi suna, tana hira da masu kallo tana ba su dariya, abin da take cirewa kaɗan ne. Ashe ba a raba barkwancin da rawar ke nan ba.

Anti: Madalla, Auta. Kuma a duba su wa suka farfaɗo da shi. Tsohuwar 'yar rawa ce, Dixie Evans, ta riƙe kayan tarihin barlesk da wata 'yar rawar, Jennie Lee, ta tara, a wani gidan gona cikin hamadar Kalifoniya, a Helendale. Dixie ce ta fara gasar rawar barlesk ta shekara-shekara a 1991 don mutane su zo su ga kayan, daga baya aka kai su Las Vegas a 2006. A Los Angeles kuma Michelle Carr ta kafa ƙungiyar Velvet Hammer. A zamanin Minsky maza ne da gidajen, su ke yanke abin da mace za ta sa da abin da za a biya ta. Yanzu mafi yawa mace ce ke tsara wasanta, ta ɗinka kayanta, kuma mata da yawa ne a cikin masu kallo. Ni ba zan je in kalla ba, tarbiyyata da addinina ba su yarda ba. Amma wanda ya ce babu abin da ya canza bai yi wa tarihin adalci ba.

Yaya Babba: Ban ce babu abin da ya canza ba. Na ce sunan da aka fi sani yau a barlesk shi ne 'yar rawa Dita Von Teese, kuma da ado da kwalliyar shekarun 1940 aka san ta. Ku kawo mini mai barkwanci ɗaya da wannan farfaɗowa ta fitar wanda ya kai Abbott da Costello, zan janye maganata.

Malam: Auta, ka nemo mana yadda aka yi da baƙaƙen fata a wannan tarihi kafin zama na gaba. Ka fara da The Creole Show, wasan da baƙaƙen fata suka yi a 1890. Dukanmu mun yi ta magana ba wanda ya ambace su.