An sa ni a kwamitin sake fasalin ma'aikata, ta ina zan fara?

Sabon Shiga:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina aiki a sashen mulki na wata ƙaramar hukuma, an sa ni a kwamitin da zai tsara yadda za a haɗe wasu sassa a rage daraktoci, wai albashi ya cinye kuɗin aiki. Wata uku aka ba mu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, mutanen nan kullum tare muke, wasu sun kusa ritaya, kuma tun yanzu an fara raɗe-raɗin kora za a yi.

Tsohon Darakta:
Wa alaikumussalam ɗana. Kar ka fara da zana akwatuna a takarda kana cewa wane a ƙarƙashin wane, nan ne mu muka yi tuntuɓe. Fara da aikin kansa, wa ke karɓar haraji, wa ke kwashe shara, fayil ɗaya tebur nawa yake ratsawa kafin a sa masa hannu, za ka ga wani wajen mutum uku na aiki ɗaya wani wajen kuma babu kowa. Sai ka ɗauki takardar albashi ka gwada da waɗanda ke zuwa ofis da ƙafarsu, mu a nan muka tarar da sunayen mamata da na waɗanda suka bar aiki tuntuni, abin da aka samu daga nan kaɗai ya sa ba mu kori kowa ba. Masu ritaya kuma ka lissafa su, in sun tafi kawai kar a cike gurbin.

Yar Ƙungiya:
Baba ya faɗi gaskiya amma ku kira ƙungiyar ma'aikata tun yanzu, ba sai kun gama ku kawo mana a karanta ba. A Ingila doka ce ma, in za a sallami mutum 20 zuwa 99 sai an fara tuntuɓa aƙalla kwana 30 kafin nan, in sun kai 100 kwana 45. Shirun ku ne ke ciyar da jita-jitar nan.

Mai Lissafi:
Ni dai matakin albashi nake ji muku. In kun haɗe sassa biyu aka samu mutum biyu aiki ɗaya mataki daban, rigima ce ke jiran ku. Majalisar birnin Birmingham a 2023 sai da ta sanar ba ta iya daidaita kasafinta, babban dalili bashin ma'aikata mata da aka daɗe ana biyan su ƙasa da maza. Kuma ku tabbata kansiloli sun amince kafin kasafin baɗi ya wuce.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba ranka ya daɗe, tantancewar nan ku da kanku kuka yi ko daga waje kuka ɗauko mutane? Don wasu sunayen ina tsoron ta hannun na cikin kwamitin suka shiga.