Wai firem ɗin kwad (mashin mai taya huɗu) yana komawa daidai bayan ya sha hatsari?

Sadauki_700:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar mashin. Dan Allah shawara nake nema kafin in saki kuɗina. Akwai wani Yamaha Raptor 700 da aka yi min tallansa nan Kano, mai taya huɗun nan na wasa ba irin na gona mai kariyar ɗaukar kaya ba, beljiyam ne, a gwanjon ababen hawan da suka yi hatsari a Amurka aka sayo shi aka shigo da shi ta Kwatano. Injin lafiyarsa ƙalau bugu ɗaya yake tashi, ba hayaƙi ba wata baƙuwar ƙara. Amma da na hau na ɗan zaga sai naji yana jana hagu, kuma in ka tsaya ta gabansa ka ƙura masa ido zaka ga tayar hagu ta ɗan kwanta ciki fiye da ta dama. Mai shi yace wai tayarod ne kawai ya lanƙwashe a canza shikenan.

A wajen mutumin akwai kuma tsohuwar Honda TRX450R, ita tana tafiya sak amma naga tabon walda kusa da inda ake ɗora ƙafa. To wai shi firem ɗin irin waɗannan mashinan yaya ƙwarinsa yake in an faɗi da su? In ya lanƙwashe ana iya miƙar da shi ya koma kamar da ko an yi asara kenan? Wanne zaku ɗauka in kune?

Oga_MaiWalda_KD:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa maganar mai mashin ɗin nan bata hau ba. Tayarod aikinsa shine ya nuna wa taya inda zata fuskanta, in ya lanƙwashe zaka ga taya ɗaya tana kallon ciki ko tana kallon waje. Kwanciyar taya kuwa ba daga shi take zuwa ba. Wannan sai dai hannuwan nan biyu masu riƙe da taya, na sama da na ƙasa masu siffar harafin A, ko boljoyin, ko ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa, ko kuma abin da muke gudu wato kunnuwan firem da hannuwan ke ɗaure a jiki. Ukun farko duk noti ne, ka kwance ka sa wani. Na ƙarshen ne magana.

Kafin ma aje nan fara da abu mai sauƙi, duba iska. Waɗannan mashinan iskarsu kaɗan ce ƙwarai, wajen 4 zuwa 5 a ma'aunin da mai faci yake sa wa mota 30 da wani abu, kuma gejin mai faci baya ma karanta irin wannan sai ka nemi ƙarami na musamman. Tayoyin baya biyun sanda ɗaya ce ta haɗa su ba difarenshal irin na mota, saboda haka in ɗaya tafi ɗaya kumbura mashin zai dinga ja gefe ko da firem ɗinsa yau ya fito daga kamfani. Mutane da yawa sun sayar da mashin da arha akan wannan.

In iska ta daidaita yana ci gaba da ja, to ka samu siminti mai shafe ka ajiye shi, a cire robobin jiki duka, kar ka yarda da kallo ta saman roba. Ɗauko tef. Auna daga kusar da ta riƙe ƙafar baya (ƙarfen da ke ɗauke da sandar tayoyin baya) a jikin firem ta hagu zuwa kunnen gaba na dama, sannan ka juya ka auna ta dama zuwa hagu, wato gicciye. Dole awon biyu su zo ɗaya ko kusa ƙwarai. Sannan ka auna kowane gefe daga ƙasa zuwa inda shokazoba ta ɗaure ta sama. Ka ɗaga bayan ka juya taya kana kallon sandar, in tana rawa to ta lanƙwashe, wannan ma canzawa ake ba firem bane. Ka bi duk inda kamfani ya yi walda da tocila, inda kaga fenti ya yi tsage-tsage ko ya ɓare shi kaɗai ko wani siririn layin tsatsa ya fito to ƙarfen ya motsa a wurin. In kana tantama ka wanke wurin ka shafa kananzir, ka goge tas, ka barbaɗa garin alli, in akwai tsaga kananzir ɗin da ya shige zai fito ya zana maka ita.

Wani abin da nake dubawa kuma, in an zo mayar da kusar inji ko ta hannun taya aka ga sai an sa guduma ko an danna da ƙarfe kafin rami ya haɗu da rami, ba sai an auna ba ma, firem ɗin ya goce.

Game da Honda, tabon walda kusa da matakin ƙafa ba abin tsoro bane shi kaɗai, nan ne ma wurin da suka saba tsagewa saboda duk dirar da mahayi zai yi nauyinsa nan yake sauka. Ita babban firem ɗinta ƙarfe ne. Abin dubawa shine waye ya yi waldar.

Dabbab_Riyadh:

Salam. Oga ya gama magana ta wajen awo, ni ta wajen wanda yake hawa zan ƙara. Mu nan Saudiyya dabbab ake ce wa irin wannan mashin kuma duk ƙarshen sati in ka fita Thumama bayan garin Riyad zaka gansu kamar me, Raptor da Banshee su suka fi yawa. Abin da na lura dashi shine yanayin faɗuwar yafi ƙarfin faɗuwar muhimmanci. Mashin ya wuntsila akan yashi, yawanci kan mashin ne zai lanƙwashe da sandar sitiyari da ƙarfen riƙo na baya, wani lokacin da ƙaramin firem ɗin da kujera ke zaune a kai, duk kuwa noti ne ya riƙe su. Ka tashi ka karkaɗe jiki ka ci gaba. Wanda yake kashe firem shine taya ɗaya ta gaba ta daki abu mai tsayawa, dutse ko bishiya ko wani mashin, ko kuma mutum ya haura tudun yashi a guje bai san bayansa a yanke yake ba ya sauka da hanci. Nan duk ƙarfin yana bi ta hannun taya ya shiga firem. Naka da tayar hagu ta kwanta yafi kama da irin wannan bugun shi yasa nima ban yarda da zancen tayarod ba.

Amma fa kada a tsorata ka da Raptor. Tun 2006 Yamaha take yin mai 700 ɗin nan, injin 686cc, nauyinsa da mai da komai wajen kilo 190. Firem ɗinsa haɗin gambiza ne, gaba ƙarfe baya alminiyom, kenan inda naka ya bugu ɓangaren ƙarfen ne. Kuma tun da aka ware wa masu taya huɗu rukuninsu a tseren Dakar a 2009 shi ne ya mamaye rukunin, har bayan da tseren ya dawo nan Saudiyya a 2020. Na san na tsere ana ƙara musu ƙarfi sosai amma dai tushen shi ne.

Ni da za a bani zaɓi ma YFZ450R zan ɗauka, wanda ya fito 2009, shi firem ɗinsa alminiyom ne da aka ɗaure da kusoshi maimakon walda, sai ƙarfe a ƙasan inji. Can-Am ma sun yi haka a DS450 a 2008. Ba walda balle ta tsage, kuma in wani yanki ya lalace shi kaɗai zaka kwance.

Sadauki_700:

Kai amma na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Zancen iskar nan wlh ko a raina ban kawo ba. Gobe in Allah ya kai mu zan koma da tef da tocila. Oga tambaya ɗaya, in na auna naga ya goce kaɗan kawai, ace kamar faɗin yatsa, ana iya ja ya dawo? Akwai wani fanel bita a layinmu yace shi da wuta da jak zai miƙar da shi cikin awa ɗaya.

Oga_MaiWalda_KD:

Faɗin yatsa a firem ɗin kwad ba kaɗan bane ɗan uwa. Ana iya ja in ɓangaren ƙarfe ne kuma bututun bai murɗe ba bai yi ƙoƙo ba, amma ba aikin awa ɗaya bane. Sai an sauke inji an cire tanki da wayoyi an ɗaure firem ɗin tsirara akan teburin ƙarfe, ana ja kaɗan ana aunawa. In bututun ya riga ya lotse kamar gwangwanin da aka taka, ko ka miƙar dashi wurin ya mutu, sai dai a yanke a sa sabo da wani guntun bututu a ciki ya riƙe haɗin. Masu gasa shi da wuta har ya yi ja su danna da jak, eh a ido zai miƙe, ranar da ka dira da ƙarfi nan zai fara komawa.

Sai maganar ɗan uwanmu na Riyad. Gaskiyarka ce a inda kake, ka shiga shago ka ce a baka yanki kaza a ɗauko maka. Mu nan fa? Alminiyom ɗin da aka narkar aka zuba baya son lanƙwasa, in ƙarfi ya fi ƙarfinsa tsagewa yake ko ya ɓalle, baya yi maka gargaɗi. Kuma waldarsa ba da injin waldar ƙofa da taga ake yi ba, sai mai iskar argon da hannun da ya saba, sannan ko an yi da kyau zafin yana rage wa wurin ƙarfi sosai saboda a kamfani gasa shi aka yi ya yi tauri. Kawasaki KFX450R ma alminiyom ne gaba ɗaya, mashin mai kyau mara nauyi, amma ni bazan ba mutumin Kano ko Kaduna shawarar ya sayi wanda ya taɓa buguwa ba. Ƙarfe kuwa ko a Panteka ko Ƙofar Ruwa zaka samu bututu da faranti da wanda zai yi maka.

In za a yi wa tsaga walda a fara huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta dan kar ta ci gaba, a goge fenti, a cike, sannan a ɗora ɗan faranti mai kusurwa uku a kwanar. Turawa har sayar da waɗannan farantan suke a yanke, kowane mashin da nasa, masu tsere tun mashin yana sabo suke kwance shi su liƙa. Kuma dan girman Allah a cire batir da kwamfutar inji kafin a kunna injin walda, Raptor 700 ba kafireto gareshi ba, in ta ƙone ka shiga wani kashe kuɗin.

Aghali_Agadez:

Sannunku da hira. Mu nan Agadas ba faɗuwa ce kawai ke cin kadar ɗin moto, wato firem, ba, hanya ce. Wannan hanyar mai kunya-kunya da duwatsun Ayar, girgiza ce safe da yamma, moto bai taɓa faɗuwa ba amma ka duba gindin amortisa (shokazoba) ko inda inji ya ɗaure ka tarar da tsaga. Yawanci daga noti guda da ya saki take farawa, ya dinga wasa yana cin raminsa har rami ya zama ƙwai. Saboda haka malam in ka je awon nan ka girgiza kowace taya da hannu biyu, ka kama ƙafar baya ka ja hagu da dama, in akwai wasa ka gane boris ne ya mutu ko ramin firem ɗin ne ya buɗe. Kuma ka kwanta ka leƙa ƙasan inji, bututun nan biyu na ƙasa su ke shan dutse, in sun lotse ko an toshe su da sabon fenti ka tambayi dalili. Sabon fenti a wuri ɗaya tak a jikin tsohon moto ni bana wuce shi sai na kankare.

Ni Honda ɗin zan ɗauka in waldar mai tsabta ce, sai dai ka sani tun 2014 aka yi na ƙarshe, kayanta sai an yi oda ko an jira.

Alhaji_Clearing:

Ni ban san walda ba amma ga abin da ya shafi ɓangarena. In awo ya nuna firem ɗin ya tafi kuma kana tunanin ka sayi mashin ɗin da arha ka yo odar wani firem daga waje, ka tuna lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a jikin firem ɗin take, can ƙasa ta gefen hagu. Ka canza firem ka canza lamba, takardar kwastan ɗinka kuma tsohuwar lamba ke jikinta. Sai ka ajiye rasit ɗin sabon firem da takardar shigowarsa tare da na mashin, kuma kar ka bari a jefar da tsohon ko a kai shi wajen 'yan gwangwan. Sannan tunda kace daga gwanjon Amurka ya fito, kwafi lambar nan ka sa a Google, sau da yawa hotunan da aka ɗauka a filin gwanjo kafin a taɓa shi suna nan a intanet, zaka ga ta inda ya bugu da idonka kafin a sa masa sabuwar roba. Ka haɗa kuɗin firem da na jirgi da na kwastan da na bakaniken da zai kwashe komai daga wannan ya mayar kan wancan, shi zaka cire daga farashin da mai shi ya faɗa kafin ka yi tayi.